Sabuwar hanta ta dawo Sakkwato: yadda ake bibiyar jijiyoyinta da sikanin Dofla

Wani dattijo ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ɗansa ya kawo shi ɗakin sikanin da safe, riƙe da takardar da aka rubuta a duba ciki kawai. Da ya ɗaga riga sai na ga dogon tabon tiyata, ya taso daga ƙarƙashin ƙashin ƙirji ya karya dama ya bi gindin haƙarƙari. Na ce, "Baba, wane aiki aka yi maka a nan?" Ya ce, "Hanta anka canza min, likita, can Indiya. Wata huɗu ke nan da munka dawo. Wanga yaro shi yab ba ni rabin tashi." Sau biyu ya yi zazzaɓi a cikin wata guda, sau biyun kuma maganin maleriya aka ba shi. An taɓa yi masa sikanin a wani wuri makonni biyu kafin ya zo, sakamakon ya ce hanta lafiya, girmanta daidai. Wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba, domin a hoton fari da baƙi hantar ba ta da wani aibi. Sai da na kunna Dofla, wato sikanin da ke nuna gudun jini da launi da sauti, na saurari jijiyar da ke ciyar da ita na ji jinin yana tafiya da kyar, kamar ruwan famfon da aka taka tiyonsa.

Mutanenmu da ake yi wa dashen hanta galibi a waje ake yi musu, Indiya ko Masar ko Turkiyya, kuma yawancinsu ciwon hanta nau'in B ne ya kai su can. Likitan da ya yi aikin yana can, marar lafiya yana nan Sakkwato. Wanda zai ga matsala tun tana ƙarama shi ne mai riƙe da kan na'urar sikanin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko wani ɗakin sikanin mai zaman kansa a cikin gari. Don shi na rubuta wannan, da kuma iyalan da ke son sanin abin da ya kamata a duba musu.

Abin da ya sa jijiya ɗaya ta fi sauran tsorata mu

Jini yana shiga hanta ta hanya biyu. Babbar ita ce jijiyar ƙofa, wadda ke kwaso jini daga hanji da saifa, kuma ita ke kawo kusan kashi uku cikin huɗu na jinin hanta. Ƙaramar ita ce jijiya mai harbawa, wadda ke zuwa da jinin zuciya mai iskar oksijin, tana bugawa tare da bugun zuciya. Jinin yana fita ta jijiyoyin fita, su zuba cikin uwar jijiya mai mayar da jini zuciya. A lokacin dashe duk waɗannan ana yanke su a ɗinke su da na sabuwar hanta, haka ma hanyar ruwan maɗaci. Kowane wurin ɗinki yana iya tsukewa ko gudan jini ya toshe shi.

Hantar da aka haifi mutum da ita tana da ƙananan hanyoyin jini da ke shigo mata ta gefe, ta jikin tantanin da ke riƙe da ita. Idan jijiya mai harbawa ta samu matsala, su sukan taimaka. Hantar dashe an yanke mata duk waɗannan. Hanyoyin maɗaci kuwa ba sa cin jinin jijiyar ƙofa, da mai harbawa kaɗai suka dogara. In ta toshe, hanyoyin maɗaci su ne ke fara mutuwa: su tsuke, ko su fashe ruwan maɗaci ya taru, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙurji ya fito a cikin hanta. Kuma wannan jijiya siririya ce ƙwarai. A hantar da aka yanko daga mai rai kaurinta bai wuce na tsinken tsire ba, shi ya sa da gilashin ƙara girma ake ɗinka ta. Toshewarta ita ce matsalar jijiya da ta fi yawa bayan dashe, tana samun ƙasa da kashi 10 cikin 100 na manya, kuma ta fi samun yara.

Mataki na farko: takardu kafin jel

Kada ka taɓa marar lafiya sai ka karanta rahoton tiyata da takardar sallama. In ba su zo da su ba, a nema a waya, yawancin iyalai suna da hotunansu a WhatsApp. Abin da kake nema shi ne wace irin hanta aka dasa. Cikakkiya ce daga mamaci, ko ɓangaren dama daga mai rai, ko ɗan ɓangaren hagu irin wanda ake dasa wa yara? Wanda aka dasa wa ɓangaren dama ba shi da reshen hagu na kowace jijiya, kuma sau da yawa jijiyar fita ta tsakiya tana wurin wanda ya bayar. Wanda bai san haka ba zai ɓata rabin awa yana neman abin da babu, ko ya rubuta cewa ya toshe, ya tayar wa gida guda hankali.

Duba kuma yadda aka haɗa jijiya mai harbawa: kai tsaye da ta marar lafiya, ko an yi mata ƙari daga babbar jijiyar ciki. Duba ko an haɗa hanyar maɗaci da takwararta ko da hanji, domin wanda aka haɗa masa da hanji ba abin mamaki ba ne a ga iska a hanyoyin maɗacinsa. Jakar maɗaci kuwa ana cire ta a kowane dashe, rashin ganinta ba labari ba ne.

Sannan ka nemo sakamakon Dofla na ƙarshe da aka yi masa kafin a sallamo shi, ka kwafe lambobin a gefen takardarka. Da su za ka gwada naka. Ka kuma dubi gwajin jininsa na aikin hanta na baya-bayan nan: ALT, AST, ALP, GGT da bilirubin.

Mataki na biyu: shirya marar lafiya

Ya zo bai ci abinci ba na awa huɗu zuwa shida. Abinci yana cika hanji da iska ya rufe ƙofar hanta, kuma yana ƙara gudun jini a jijiyar ƙofa ya canza lambobin jijiya mai harbawa. Amma maganin hana jiki ƙin hanta, wato takrolimus da 'yan uwansa, ba a tsallake shi saboda sikanin. Ya sha da ruwa a kan lokacinsa. In ranar ce za a auna yawan maganin a jini, a fara ɗiban jinin tukuna sannan ya sha. Da yawansu magungunan sun jawo musu ciwon suga, don haka a ba su layin farko na safe, kada a bar su da yunwa har azahar. Garkuwar jikinsu a danne take, bai kamata su zauna awa uku a cikin cunkoson masu tari ba. Goge kan na'ura sosai kafin ka ɗora, in kuma akwai ciwon da bai rufe ba a yi amfani da jel mai tsabta na cikin leda da safar kan na'ura.

In gaggawa ce, ba a jiran yunwa. A duba shi yadda ya zo, a rubuta cewa ya ci abinci.

Mataki na uku: fari da baƙi tukuna

Ɗauki kan na'ura mai lanƙwasa na duba ciki. Kwantar da shi rigingine, hannun dama a bayan kai don haƙarƙari su buɗe. A hantar dashe, musamman ɓangaren dama, ta tsakanin haƙarƙari aka fi samun hanya, don gaban ciki tabo da hanji sun tare. In ya ƙi, juya shi ya kwanta a gefen hagu.

Bi naman hanta a hankali daga sama har ƙasa. Kana neman wani yanki mai duhu a gefe mai siffar yankan kankana, wanda ke nuna wurin da jini ya daina kaiwa, ko tarin ruwa a cikin hanta, ko hanyoyin maɗaci da suka buɗe. Duk wanda ka gani cikin waɗannan a hantar dashe, ɗauka jijiya mai harbawa ce ke da laifi har sai ka wanke ta. Ka sani kuma hanyoyin maɗacin hantar dashe ba kullum suke buɗewa ba ko da sun toshe, don haka rashin ganin buɗewa bai isa a ce lafiya suke ba in gwajin jini ya nuna akasin haka.

Ɗan ruwa a gefen hanta da ɗan ruwa a ƙasan huhun dama abu ne da aka saba gani a makonnin farko. Auna shi ka rubuta, don a san ko yana raguwa. Auna tsawon saifa. Kada girmanta ya firgita ka shi kaɗai, domin saifar da ta kumbura shekaru saboda tsohuwar hanta ba ta komawa da wuri. Abin dubawa shi ne ko ta fi yadda take a sikanin baya. Wata doka da ba na karya ta: duk wani abu mai kama da jakar ruwa kusa da ƙofar hanta, ɗora masa launi kafin ka kira shi ruwa. Yana iya zama bangon jijiya mai harbawa ne ya yage ya yi ƙullutu, jini na juyawa a ciki rabi ja rabi shuɗi. Wanda ya soka wa irin wannan ƙullutu allura da sunan zuƙe ruwa ya jawo zubar jinin da ke iya kashewa.

Mataki na huɗu: saita na'ura

Duk wanda ya tsaya bakin titi ɗan kabu-kabu ya wuce shi yana danna ham ya san yadda ƙarar ke siririya yana tahowa, ta yi kauri bayan ya wuce. Wannan shi ne abin da Christian Doppler ya bayyana a 1842, kuma da shi na'ura ke gane gudun jini da inda ya dosa. Daga nan ƙa'idoji biyu suka fito. Na farko, in sautin ya sari jijiya a tsaye cak, na'ura ba za ta ga motsi ba ko da jini na gudu. Kusurwa kada ta wuce digiri 60, kuma a daidaita layin kusurwa da kwanciyar jijiyar kafin a yarda da lambar gudu. Na biyu, ja da shuɗi ba sunan jijiya suke faɗa ba, alkibla suke nunawa. Dubi sandar launi a gefen allo, domin wanda ya yi aiki kafin kai yana iya juya ta.

Fara da ƙaramin ma'aunin gudu da ƙaramar matata (saitin da ke tace motsi mai rauni), don jinin da ke tafiya a hankali ya bayyana. Ƙara ƙarfin launi har ya fara yayyafi a allo, sannan ka rage kaɗan. Akwatin launi ya zama ƙarami, ƙofar saurare, wato ɗan gurbin da ake ɗorawa kan jijiya don jin gudun jininta, kamar milimita 2 zuwa 3. In za ka koma jijiyar ƙofa ko wurin da gudu ya yi yawa, ɗaga ma'aunin don kada zanen gudun jini da ke fita a allo ya naɗe.

Mataki na biyar: jijiya mai harbawa

A nan za ka ɓata mafi yawan lokacinka. Nemo jijiyar ƙofa a ƙofar hanta, ita ce jagorarka, mai harbawa tana kwance a jikinta ta gaba. Ce wa marar lafiya, "Baba, ja numfashi kaɗan, riƙe, kada ka yi nishi." Dattijon da aka yi wa babbar tiyata ba ya iya riƙe numfashi da daɗewa, don haka shirya komai kafin ka ce ya riƙe, ka kuma bar shi ya huta tsakani.

Samo zane a wuri uku in hantar cikakkiya ce: babban reshe a ƙofa, reshen dama da reshen hagu a cikin hanta. In ɓangare guda aka dasa, samo a ƙofa da kuma rassa biyu a ciki. Zanen lafiya yana tashi tsaye kamar bango da bugun zuciya, ya sauko a hankali, kuma ba ya taɓa layin ƙasa, domin jini na ci gaba da shiga hanta ko lokacin da zuciya ke hutawa.

Lamba biyu kake so. Ta farko ita ce wadda na'ura ke rubutawa RI, ma'aunin turjiya. Ana cire gudun ƙarshen hutun zuciya daga ƙololuwar gudu, a raba da ƙololuwar. Misali ƙololuwa 60, ƙarshen hutu 18: an cire ya rage 42, an raba da 60 ya ba da 0.70. Lafiyayye yana tsakanin 0.5 da 0.8. Ta biyu ita ce lokacin hawa, daga inda zanen ya fara tashi zuwa ƙololuwarsa ta farko, kuma bai kamata ya kai sakan 0.08 ba. Don auna wannan daidai ƙara saurin tafiyar zanen a allo, ka sa alamomin da hannunka. Awon da na'ura ke yi da kanta yakan kauce in zanen ba shi da tsabta.

Zanen dattijon nan ba ya tashi tsaye. Hawa yake a kishingiɗe kamar tudun yashi, kansa a dunƙule. Ƙololuwa 30, ƙarshen hutu 18, RI ya ba da 0.40, lokacin hawa ya haura 0.08 nesa. Wannan shi ake kira tardus parvus, kalmomin Latin masu nufin mai jinkiri kuma ƙarami. Ma'anarsa akwai matsatsi a bayan inda kake saurare, jinin da ya iso gare ka ya riga ya gaji. In ka ga haka, bi jijiyar baya zuwa wurin ɗinki, ka nemi inda launi ya hargitse. Gudun da ya wuce santimita 200 a sakan a wannan wuri yana nuna tsukewa. Sau da yawa hanji ba zai bari ka ga wurin ɗinkin ba. Kada ka fasa rubuta abin da ka gani saboda haka, zanen cikin hanta ya isa hujjar neman hoton siti (CT scan) na jijiyoyi.

Akwai tarko a nan da ya kamata kowa ya sani. Jijiyar da ta toshe gaba ɗaya a hankali, bayan watanni, jiki yakan ƙirƙiro mata ƙananan hanyoyi ta gefe. Sai ka ga jini a rassan cikin hanta ka ce alhamdulillahi a buɗe take, alhali babbar hanyar ta mutu. Zanen waɗannan hanyoyin gefe shi ma tardus parvus ne. Ganin launi kawai bai wadatar ba, sai an duba siffar zanen. Haka kuma wanda aka taɓa ɗibar masa tsokar hanta da allura yana iya samun ɗan rami tsakanin jijiya mai harbawa da wata jijiya, ya sa RI ya faɗi a wannan reshe kaɗai. Tambaye shi ko an taɓa yi masa.

RI mai yawa, sama da 0.8, labarinsa ya danganta da lokaci. A kwana biyu ko uku na farko bayan tiyata abu ne da aka saba gani, musamman in hantar dattijo ce ko ta daɗe a ƙanƙara, kuma yakan sauko da kansa cikin kwanaki. A wurin wanda ya yi watanni kuwa, in ka ga turjiya ta hau, gudun mai harbawa ya ragu, jijiyar ƙofa na ambaliya, saifa babba, rubuta shi a fili. Wani lokaci jijiyar saifa ce ke janye jinin da ya kamata ya tafi hanta, kuma akwai maganin hakan a hannun masu aikin cikin jijiya.

In ba ka ga jijiyar ba sam fa? Kada ka yi saurin yanke hukunci, kada kuma ka sallame shi. Sake rage ma'aunin gudu da matata. Kunna launi mai nuna ƙarfin jini ba tare da alkibla ba. Ɗora ƙofar saurare a gefen jijiyar ƙofa ko da babu launi, ka matsa da ita kaɗan-kaɗan kana saurare, kunne yakan ji abin da ido bai gani ba. Canza tsakanin haƙarƙari, juya marar lafiya. Auna hawan jininsa, domin jinin da ya faɗi yana iya ɓoye jijiyar. Kira abokin aiki ya gwada hannunsa. In duk an yi babu, wannan gaggawa ce ta ranar, ba ta gobe ba. Ɗauki waya ka kira likitan da ya turo shi, a yi hoton siti na jijiyoyi, a sanar da cibiyar da ta yi dashen.

Mataki na shida: jijiyar ƙofa

Ita tana da sauƙin gani. Jininta ya dosa cikin hanta, yana tafiya bai ɗaya da ɗan kaɗawa tare da numfashi. Duba cikinta a fari da baƙi, ko akwai gudan jini. Sabon guda yana iya zama baƙi kamar jinin kansa, sai launi ya nuna gurbin da bai cika ba. Wurin ɗinki yakan yi ɗan ƙugu saboda jijiyar mai bayarwa da ta mai karɓa ba kaurinsu ɗaya ba, kuma jini yakan yi juyi bayan ƙugun. Wannan shi kaɗai ba cuta ba ne. Auna gudu kafin ɗinki, a kan ɗinki, da bayansa. In na kan ɗinki ya ninka na kafinsa sau uku ko fiye, ko ya wuce santimita 125 a sakan, ana zargin tsukewa, balle in saifa na ƙara girma ko ruwa ya dawo ciki. A makonnin farko gudun jijiyar ƙofa yakan yi yawa ko'ina, ya sauko a hankali, shi ya sa gwada wuri da wuri ya fi dogaro da lamba guda. Jinin da ya juya yana fita daga hanta kuwa ba a kwana da shi, a sanar nan take.

Mataki na bakwai: hanyar fita

Ɗora kan na'ura sama tsakanin haƙarƙari, ko ƙarƙashin ƙashin ƙirji kana kallon sama. Jijiyoyin fita suna kusa da zuciya, don haka zanensu yana hawa da sauka tare da ita, gangare biyu ƙasa da ɗan tudu ɗaya sama. A nan kada ka ce ya ja dogon numfashi ya riƙe, domin hakan kaɗai yana shafe zanen ya zama shimfiɗaɗɗe, ka rubuta cutar da kai ka jawo ta. Ce masa ya saki numfashi a hankali ya dakata. In ka samu zane mai hawa da sauka, da wuya a ce akwai tsukewa mai muhimmanci. Shimfiɗaɗɗen zane shi kaɗai ba ya tabbatar da komai, amma in da can yana kaɗawa yanzu ya kwanta, gudun ya yi ƙasa, hanta ta kumbura, ruwa ya taru a ciki da ƙirji, to a nemi matsatsi a mahaɗarsu da uwar jijiya. Gudun da ya ninka sau uku zuwa huɗu a mahaɗar shi ne alamar. Wannan matsala ta fi samun waɗanda aka dasa wa ɓangare, domin hantar tana girma cikin makonni ta ɗan juya, jijiyar ta murɗe.

Rubuta sakamako

Kalmar "lafiya" ba ta amfanar likitan da ke Delhi ko Alƙahira. Rubuta irin hantar da aka dasa, kwana nawa da tiyata, ya ci abinci ko bai ci ba. Ga kowace jijiya rubuta inda ka auna, ƙololuwar gudu, RI, lokacin hawa da alkibla, sannan lambar sikanin baya a gefenta. RI da ya sauko daga 0.72 zuwa 0.55 yana cikin iyaka a takarda, amma saukar da ya yi labari ce, a maimaita cikin 'yan kwanaki. Abin da ba ka iya gani ba, faɗi cewa ba ka gani ba da dalilin. Ajiye hotunan zanen, ka ba iyali su tura wa cibiyar dashen. Hoton allo da waya, in an ɗauka a miƙe lambobi na karantuwa, ya fi babu. Kada kuma ka rubuta cewa jiki na ƙin hantar ko ba ya ƙi. Dofla ba ya gane wannan, sai gwajin jini da ɗibar tsoka.

Da na gama da dattijon ya kalle ni ya ce, "Likita, mi kag gani?" Na ce, "Baba, hantar na aiki, amma hanyar da ke kai mata jini ta matse. An gano da wuri, kuma ana buɗe irinta." A ranar ɗansa ya tura hotunan, aka ce a yi siti, ya tabbatar da tsukewar a wurin ɗinki. Suka koma aka buɗe ta da balan-balan ta cikin jijiya, ba tare da an sake yanka shi ba.

Yaushe ake yi, kuma me iyali za su lura da shi

A asibitin dashe ana yin Dofla na farko cikin awa 24 bayan tiyata, cibiyoyi da yawa kuma suna maimaitawa kullum a makon farko, domin jijiyar da ta toshe a lokacin ana iya komawa a buɗe ta a ceci hantar. Kafin marar lafiya ya iso Sakkwato wannan lokaci ya wuce. Abin da ke iso mana shi ne tsukewar jijiya mai harbawa, wadda ta fi bayyana a watannin farko, da toshewar da ke zuwa a makare, da tsukewar jijiyar ƙofa da hanyoyin maɗaci. Jadawalin da cibiyar dashen ta rubuta shi za a bi. Shawarata ita ce a yi sikanin guda cikin mako biyu da dawowa ko da mutum garau yake, a wurin da za a ci gaba da zuwa, don mai dubawa ya san hantar tun tana lafiya. A riƙe wuri ɗaya, in da hali mutum ɗaya. Kafin a biya kuɗi a tambaya a fili ko na'urar tana da Dofla mai launi da zane, kuma ko za a auna jijiya mai harbawa.

Ban da jadawali, akwai abubuwan da ke sa a yi sikanin a ranar: zazzaɓi, idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari, ƙaiƙayin jiki, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ciki ya kumbura, aman jini, ko lambobin hanta su hau a gwajin jini ko da ba ya jin komai. Zazzaɓi ne ya fi yaudararmu a nan, don kowa maleriya ko taifod yake fara kawowa. A gwada maleriya, babu laifi, amma mai hantar dashe a haɗa masa da gwajin hanta da Dofla a zuwa ɗaya. Idon da ya yi rawaya kuma kada a ce shawara ce a kawo jiƙo ko tsimi. Ba a san abin da za su yi wa hantar ba, ba a san yadda za su yi da takrolimus a jini ba, kuma kwanakin da aka ɓata ana jiran su yi aiki su ne kwanakin da hanyoyin maɗaci ke lalacewa.

Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40. Jikin da ya bushe jininsa yana kauri, ƙodarsa kuma, wadda takrolimus ya riga ya ɗora wa nauyi, tana wahala. Ya riƙa shan ruwa sosai, gudawa ko amai kuma a kai shi asibiti da wuri. In an rubuta masa asfirin don kare jijiyar, kada ya daina don ya ji sauƙi, kada kuma wani ya dakatar masa ba tare da an tambayi likitan dashe ba. Batun azumi a tattauna da likitan tun Sha'aban bai ƙare ba, galibinsu ba sa amincewa da shi a shekarar farko. In an ce za a yi siti, a fara auna ƙoda, domin ruwan da ake ɗurawa don jijiyoyi su fito yana iya taɓa ta, a kuma gaya wa masu hoton magungunan da yake sha. Duk takardun nan, rahoton tiyata, sakamakon kowane Dofla da gwajin jini bi da bi, a haɗa su a jaka ɗaya, a ɗauki hotonsu a wayar mutum biyu a gidan, a zo da jakar duk ranar sikanin.